Alhaji ya ce WhatsApp ya isa, ni kuma na rasa shaidar kuɗin da na fitar

"Assalamu alaikum. Ni ce mai riƙe da asusu a wani ɗan kamfanin sayen riɗi, gyaɗa da wake a nan Damagaram. Mu 14 ne, takwas suna yawon kasuwannin Magarya, Matameye da Mirya. Duk aikinmu a zauren WhatsApp ɗaya yake. Watan jiya Alhaji mai kamfanin ya turo saƙon murya in aika wa wani dillali kafin alƙalami. Jaka 600 na ji, wato sefa 600,000, ita na aika. Bayan kwana goma ya ce jaka 400 ya faɗa. Na koma neman saƙon babu shi, ashe zauren yana goge saƙonni bayan kwana bakwai. Yanzu ana maganar cire jaka 200 daga albashina. Na roƙa mu koma imel, Alhaji ya ce ɓata lokaci ne, abokan aiki suna cewa na cika taurin kai. Ga maigidana yana ƙorafin wayata ba ta yin shiru har sha ɗayan dare. Ni ce ban da gaskiya?"

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. A kan maganar kuɗi gaskiya tana wajenki. A kan maganar kasuwa tana wajen Alhaji. Idan kika dage sai an bar WhatsApp gaba ɗaya, za a kayar da ke a gardamar da ya kamata ki ci, domin abin da kike buƙata bai kai haka girma ba.

Mu fara da jaka 200 ɗin, tunda ita ke hana ki barci. Saƙon da aka sa wa wa'adin gogewa ba ya dawowa daga ajiyar Google Drive. Ko an kwafe shi cikin ajiyar tun kafin ya ɓace, da zarar an dawo da ajiyar sai ya sake gogewa, don haka kada ki biya mai gyaran waya kuɗi a kan wannan. Wurare biyu ne ake iya samun sauransa. Idan wani a zauren ya tura saƙon zuwa wata hira dabam wadda ba ta da wa'adi, misali ya tura wa dillalin don ya san kuɗi na tafe, to yana nan lafiya lau a can. Idan kuma wani ya amsa saƙon a rubuce ya ambaci adadin, ko a zauren ko a hirarsa da wani, wannan ma shaida ce. Ki tambayi mutanen kasuwa ɗaya bayan ɗaya, a keɓe, ba a zaure ba. Rasit ɗin wurin aika kuɗi, na Nita ne ko na Al Izza, yana nuna abin da kika aika ne kawai, ba abin da aka umarce ki ba. Amma yana tabbatar da abu mai muhimmanci: kuɗin suna hannun dillali, ba su ɓata ba, ba ki ci ba. Kafin alƙalami ne, ana cire shi daga kuɗin kayan da zai kawo. Wannan ce hanyar da za ki gabatar wa Alhaji. Kada ki sa hannu a takardar amincewa da cire kuɗi daga albashinki a cikin zafin magana, kuma idan aka tsaya a kan sai an cire, ki je ofishin sufeton ƙwadago ki ji abin da doka ta ce kafin ki amince da komai.

Yanzu ga inda Alhaji ya fi ki ganin abin. Mutumin da ke tsaye a kasuwar Magarya da buhun riɗi a gabansa, mai kaya yana jiran amsa, wani mai saye yana zagaye, ba zai buɗe imel ba. Zai ɗauki hoton ƙwayar, ya faɗi farashi da baki, ya samu amsa cikin minti biyu. Saƙon rubutu na WhatsApp ɗan mitsitsi ne, yana ratsawa ko rezo ya yi rauni, in babu rezo ya jira a waya har ya samu ya wuce da kansa. Alamar shuɗi tana nuna an buɗe shi. Saƙon murya kuma shi ya buɗe ƙofar aiki ga duk wanda bai yi boko ba ko ba ya rubuta Faransanci, kuma a sana'arku irin waɗannan mutanen ne sau da yawa suka fi kowa sanin kaya. Imel ba shi da amsar ko ɗaya cikin waɗannan. Duk tsarin da zai tilasta wa ɗan kasuwa ya rubuta wasiƙa kafin ya sayi buhu goma, a mako na biyu zai mutu.

Matsalar tana farawa ne daga lokacin da aka mayar da zauren ma'ajiyar kamfani, aikin da ba don shi aka gina shi ba. WhatsApp ba ya riƙe saƙonninku a rumbunsa bayan ya isar da su. Suna zaune a wayoyin mutane, kuma wayoyin ba na kamfani ba ne. In aka sace waya a tasha, ko ta faɗa ruwa, ko mai ita ya yi fushi ya bar aiki, abin da ke ciki ya tafi da ita. Wanda ya aiko saƙo yana iya goge shi daga wayar kowa har kusan kwana biyu bayan aikawa, yana iya gyara rubutunsa cikin minti 15, shugaban zaure kuma yana iya goge na kowa. Wa'adin gogewa, na awa 24 ko kwana 7 ko kwana 90, kowane ɗan zaure yana iya kunna shi muddin shugaban zauren bai kulle saitin ba. Wato mai yiwuwa ba Alhaji ne ya kunna naku ba, wani ne wayarsa ta cika ya nemi sauƙi. Ki ajiye wannan a ranki kafin ki zargi kowa.

Saƙon murya kuwa yana da nasa ciwon da ya shafi kuɗi kai tsaye. Ba a neman kalma a cikinsa. Ki rubuta "dillali" a wurin bincike, zai kawo miki duk rubutun da ke da kalmar, amma ba zai kawo ko murya ɗaya ba. Sai kin zauna kin saurare su bi da bi. Ga kuma yadda muke ƙidayar kuɗi da baki. In aka ce dakon buhu "ɗari" ne, ɗan kasuwa dala ɗari yake nufi, sefa 500, mai lissafi da alƙalami kuma yana iya rubuta 100. A kan buhu 200 bambancin ya kai sefa 80,000. Wasu kasuwanninku kuma na bakin iyaka ne, inda naira ke yawo tare da sefa, "dubu hamsin" da baki ba ta faɗin ta wace ƙasa ce ba. Ƙara da ƙarar babur da iska, "huɗu" da "shida" suna iya rikicewa a kunnen mai gaskiya. Ba lallai ne wani cikinku ya yi ƙarya ba.

Imel an gina shi ne a kan tsarin wasiƙa: da zarar ya isa akwatin wanda aka aika wa, ya zama nasa, mai aikawa ba ya iya sa hannu ya ciro shi. Gmail yana ba da daƙiƙa 30 ne mafi yawa don a fasa aikawa, bayan nan shi ke nan. Yana da take, yana da ranar aikawa da sa'a, amsoshi suna jeruwa a ƙarƙashin magana ɗaya maimakon su cakuɗe da gaisuwa da hotunan buhuna. Ba ya rataye da waya ko layi: wayarki ta ɓace yau, gobe ki buɗe akwatin a kwamfutar biro ki tarar da komai. Kuma mai Gmail yana rubuta wa mai Yahoo ko mai adireshin banki ba tare da kowa ya sauya manhaja ba, shi ya sa bankuna, manyan masu saye na Yamai da ƙungiyoyin ONG suka tsaya a kansa. Ku kuma doka ta ɗora muku nauyi: tsarin lissafin OHADA, ƙungiyar daidaita dokokin kasuwanci ta ƙasashen Afirka wadda Nijar ke ciki, ya wajabta ajiye littattafan lissafi da takardun shaidarsu shekara 10. Zauren da ke share kansa duk mako ba zai iya ɗaukar wannan ba. Ko a Amurka, a watan Satumba na 2022 hukumar kula da kasuwar hannayen jari ta ci tarar manyan kamfanonin kuɗi 16 sama da dalar Amurka biliyan 1.1, saboda ma'aikatansu suna maganar aiki ta manhajojin hira a wayoyinsu na kansu, kamfanonin kuma ba su da ajiyar saƙonnin.

Kada dai ki ɗauka imel ba shi da aibu. Mutanenmu ba sa buɗe shi, wasiƙa tana iya kwana uku ba a gani ba, ko ta faɗa akwatin tarkace, wanda Gmail ke sharewa bayan kwana 30. Ba ya ɗaukar abin da ya wuce megabait 25 a maƙale, alhali WhatsApp yana ɗaukar har gigabait 2. Ba shi da irin kullen sirrin da WhatsApp ya sa wa duk saƙonninsa tun 2016. Kuma ta nan 'yan damfara suka fi shigo wa masu riƙe da asusu: wasiƙa ta zo da sunan abokin cinikin da kika sani, adireshin ya bambanta da harafi ɗaya tak, ana cewa sun sauya lambar asusun banki. Duk wasiƙar da ta sauya wurin biyan kuɗi, ki kira mutumin a lambar da kike da ita tun da, ba wadda ke cikin wasiƙar ba. Sannan imel ɗin da aka buɗe da sunan ma'aikaci da lambar wayarsa ta kansa bai fi WhatsApp tsaro da komai ba, ranar da ya tafi ya tafi da shi.

Wani zai ce muku ku koma Slack ko Teams, manhajojin da aka yi musamman don hirar wurin aiki. Suna da kyau inda kowa ke zaune gaban kwamfuta: kowace magana da ɗakinta, kamfani ne ke buɗe wa ma'aikaci asusu ya kuma rufe shi. Amma Slack na kyauta saƙonnin kwana 90 na baya kawai yake nunawa, na biya kuma kowane mutum kuɗinsa dabam duk wata. Ga mutum 14, takwas a kan babur da ƙananan wayoyi, ba mu ba ku shawarar su ba. Dillalanku ma ba za su bi ku can ba.

Abin da za ki yi shi ne ki raba saƙonni gida biyu da tambaya ɗaya: wannan maganar, akwai wanda zai neme ta bayan wata uku? Farashin yau, motar da ta taso, wanda ya makara, hoton kaya, duk su tsaya a WhatsApp. Umarnin fitar da kuɗi, kwangila, takardar neman biya, albashi, hutu, gargaɗi ga ma'aikaci, duk wannan sai ya kwana a imel, ko da a WhatsApp aka fara shi. Kuma ɗaukar magana daga can zuwa nan aikinki ne ke kaɗai, ba ki buƙatar kowa ya sauya halinsa.

Ga yadda ake yi. Alhaji ya turo murya kamar kullum. Kafin ki taɓa kuɗi, ki danna saƙon nasa ki amsa a rubuce da abubuwa biyar: wa za a ba, nawa, na mene ne, ta wace hanya, yaushe. Adadin da lambobi da kuma sunan kuɗin. Misali: "Ranka ya daɗe, na ji: a aika wa dillalin Magarya sefa 600,000, kafin alƙalamin riɗi, ta wurin aika kuɗi, yau Talata. In haka ne a amsa mini." Ki jira ya rubuta "E" ko "na amince". Alamar babban yatsa ba ta isa ba, domin ana cire ta a kowane lokaci. In ya fi son murya, ya maimaita adadin da bakinsa a amsar. Daga nan ki ɗauki hoton fuskar wayar inda saƙonki da amsarsa suka fito tare, ki aika zuwa imel ɗin kamfani a ranar, ki haɗa da hoton rasit, ki sa adireshin Alhaji a layin Cc, inda ake sa wanda za a aika wa kwafi. A layin take, wanda wayoyinmu ke kira Objet, ki riƙa bin tsari ɗaya kullum: rana, gari, abu, adadi, kamar "2025-03-11 Magarya kafin alƙalami 600000". Bayan shekara biyu, kalma ɗaya a wurin bincike ta fito da shi. Ko Alhaji bai taɓa buɗe wasiƙar ba, tana nan da ranarta. Ku sa iyaka don kada ƙananan kuɗi su cinye miki yini, a ce daga sefa 50,000 zuwa sama. Abin da ya gaza haka, littafin kuɗi da sa hannun mai karɓa sun wadatar.

Akwatin imel ɗin ya zama na kamfani da sunan kamfani. Lambar da za a maƙala masa don farfaɗo da shi ta zama ta layin da aka saya don biro, wanda ake sa masa kiredi a kai a kai, saboda layin da aka daɗe ba a amfani da shi kamfanin waya yana karɓewa ya ba wani. Ku kunna tabbatarwa mai mataki biyu, wato bayan kalmar sirri sai an sa wata lamba kafin a shiga. Google yana ba da lambobin ko-ta-kwana guda goma, ku buga su a takarda, Alhaji ya ajiye a inda yake ajiye takardun fili. Mutum biyu su san kalmar sirri, a sauya ta ranar da ɗayansu ya bar aiki. Ki lura kuma gigabait 15 na kyauta ana raba su ne tsakanin Gmail, Drive da hotuna, kuma tun 2024 ajiyar WhatsApp ta wayoyin Android tana ci daga ciki. In ya cika, wasiƙu sun daina shigowa. Don haka kada kowa ya ɗora ajiyar wayarsa a kan asusun kamfani.

Shi ma zauren yana son gyara, aikin minti goma ne. A kashe wa'adin gogewa, a kulle saitin zaure ya zama shugabanni kaɗai ke iya taɓa shi. A buɗe zaure na biyu don gaisuwar Juma'a, ɗaurin aure, suna da ta'aziyya. Ba mu ce a hana su ba, zumunci ne ke riƙe ma'aikata, amma umarnin kuɗi bai kamata ya nutse a ƙarƙashin saƙon barka talatin ba. Rasit da kwangila a turo su ta hanyar Document, ba ta hanyar hoto ba, domin hoton da aka tura kai tsaye manhajar tana matse shi, ƙananan lambobi su dushe. Ƙarshen kowane wata ki buɗe zauren, ki shiga ɗigo uku na sama, ki zaɓi Plus sannan Exporter, ki aika kwafin hirar zuwa imel ɗin kamfani. In ba ki haɗa da hotuna da muryoyi ba yana ɗaukar saƙo har 40,000, in kin haɗa ya ragu zuwa 10,000 kuma nauyinsa yana iya wuce abin da imel ke ɗauka, sai a ajiye a Drive. Wanda ya bar aiki a cire shi a ranar, tun kafin lambarsa ta koma hannun baƙo. Kowa kuma ya sa wa WhatsApp ɗinsa lambar sirri ta mataki biyu, kada ya taɓa karanta wa wani lambobi shida da suka shigo masa ta SMS, ko da mai tambayar ya zo da sunan Alhaji. Da waɗannan lambobin ake ƙwace asusu, sannan a shiga zaure da sunan mai shi a ce a tura kuɗi. Katin shaidar ma'aikata da takardar albashi kada su shiga zaure sam. Nijar tana da dokar kare bayanan mutane tun 2017, da hukumar HAPDP da ke kula da ita.

Yadda za ki kai wa Alhaji maganar ya fi duk wannan nauyi. Ki same shi shi kaɗai, ba a gaban yaransa ba, kuma kada ki buɗe da wa ya faɗi daidai watan jiya. Ki ce masa dukiyarsa kike son tsarewa, kuma abu ɗaya kike roƙo: in kin rubuto adadi, ya amsa da harafi ɗaya. Ki nuna masa cewa wannan ɗin ne zai kare shi ranar da dillali zai ce bai karɓa ba, ko ranar da masu haraji za su nemi takardu. Kalmar imel ma ba sai kin ambata ba, wannan ɓangaren naki ne. Yawancin masu kamfani suna yarda da zarar sun ga ba a ce su koyi sabon abu ba. In ya ƙi ko wannan, ki daina fitar da manyan kuɗi sai da sa hannunsa a takarda ko a gaban shaida, ki kuma fara tunanin ko wurin zama ne, domin mai riƙe da asusun da aka hana shi shaida, duk asarar da ta zo a kansa za ta sauka.

Ƙorafin maigidanki yana bisa gaskiya, kuma ba ke kaɗai abin ke damu ba. Faransa sai da ta sa shi cikin doka tun 1 ga Janairun 2017, cewa kamfanoni masu ma'aikata 50 zuwa sama su tattauna da ma'aikatansu kan haƙƙin kashe waya bayan aiki. Ku ba sai kun jira doka ba. Ki nemi a yi ƙa'ida a zaure: bayan sallar isha'i, abin gaggawa a kira, abin da aka rubuta kuma sai safe. Kuɗi dai ba a fitar da su da dare, don haka babu abin da kamfani zai rasa. Ki sa zauren a shiru, ki bar ƙarar kira a kunne, ki gaya wa maigida ranakun da dole a neme ki, kamar Lahadin kasuwar Mirya da tsakiyar kakar riɗi, don ya san da su tun da wuri. In kamfani zai iya sayen ƙaramar waya ta biro a sa mata layin nan na kamfani, zauren aiki ya koma can, ki riƙa barin ta a aljihun tebur in kin tashi, ranakun kasuwa kaɗai ki tafi da ita gida.